Mai nutso da 'yar cikinsa: gyara kan maganar rigar da ruwa ba ya shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta fito a wannan shafi. Makonni biyu da suka wuce kun kawo labarin saurayin da ya nutse a wani tsohon ramin kuza a wajen Bukuru, aka kwana biyu ana nema kafin a ciro shi. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙurin rashi. A mako na gaba sai wani mai karatu ya rubuto yana kira da a saya wa masu ceto rigar nutso irin ta Turawa, wadda a cewarsa ruwa ba ya shiga, sanyi ba ya ratsawa. Niyyarsa mai kyau ce, kuma rabin maganarsa gaskiya ne. Ruwa kam ba ya shiga. Amma sanyi yana ratsa ta tamkar ba ka sa komai ba, kuma rashin sanin haka ya kusa hallaka ni.

Ni haifaffen Gangare ne a nan Jos. Mahaifina wankin kuza ya yi har kasuwarta ta faɗi a 1985. Ni kuma abincina sai ya zamo a ƙarƙashin ruwa yake: shekara 19 ina walda da duba bututu a wajen Fatakwal da Warri. A can ruwan ɗumi gare shi, damuwarmu duhu ce da igiyar ruwa. Wani abokin aiki ne ya ja ni zuwa nutso cikin kogo a lokutan hutu, na yi a Faransa, na yi a Fulorida ta Amurka. Yanzu gwiwa ta yi mini ritaya, ina zaune a shagon kayan famfo. Ɗan ƙanwata ya gaji sana'ar, kullum yana turo mini hotunan riguna a waya yana cewa, "Kawu, wacce zan saya?" Kullum amsata ɗaya ce: nuna mini abin da za ka sa a ƙarƙashinta tukuna.

Rigar nutso iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, ta roba mai soso, wadda ruwa kaɗan ke shiga cikinta, jiki ya ɗumama shi. Akwai busasshiya, wadda ke da zif na musamman da roba mai kama wuya da wuyan hannu, ka shiga ruwa ka fito kayanka na ciki a bushe. Wadda yawancin masu shiga kogo ke sawa yadi ne mai falle uku a manne, kaurinsa bai fi na rigar ruwan 'yan acaɓa da yawa ba. Aikinsa tare ruwa ne kawai. Babbar riga ce, in ka ga dama. Ɗumi kuwa aikin 'yar ciki ne, ko in ce aikin iskar da 'yar ciki ta riƙe a tsakanin zarenta. Duk wanda ya taɓa fasa kular abinci ya ga abin da nake nufi: robar waje ba ita ke riƙe zafin tuwo ba, farin soson nan ne da ke tsakani.

Ga yadda na koya. A kudancin Faransa, a yankin Lot, akwai wani kogo da ake kira Ressel, bakinsa a ƙasan kogin Sele yake. Ruwansa yana wajen digiri 13, rani da damina. Da na ji 13 sai na yi dariya a zuciyata, na ce ni da na tashi a Jos, na sha zuwa makarantar allo da asuba cikin hunturu ana digiri 10 ko kusa da haka, wane sanyi za a nuna mini? Na ari wata 'yar ciki marar kauri, na sa singiletina na auduga a ƙasa, na ɗora wata rigar sanyi ta auduga da na saya a Katako. Daga inda muka ajiye mota zuwa bakin kogi muka yi ta jigilar silindar iskar shaƙa a kafaɗa, sawu uku, zif a rufe. Kafin in taɓa ruwa na riga na yi sharkaf da gumi.

Minti 30 na farko lafiya lau. Daga nan sai na ji kamar an ɗora mini farantin ƙarfe a ƙirji. Da muka juyo muka iso zangon ƙarshe, inda dole ka tsaya cik a zurfin mita 6 har iskar da jini ya sha ta fita a hankali, haƙorana na kaɗa abin shaƙar iska a bakina. Saura minti 25 a agogo. Ina ganin hasken rana kore-kore a sama, ba dama in hau, domin in na hau kumfa za ta taso mini a jini. Na so in ɓalle wani ɗan ƙugiya in rataya fitila, abin da yaro ɗan shekara biyar zai yi, yatsuna suka ƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne a lokacin ban damu ba. Sau uku ina karanta lambar da ke agogona ina mantawa. Da muka fito, malaminmu, wani dattijo marar yawan magana, ya sa na tuɓe, ya ɗauki singiletin ya matse shi a gaban kowa, ruwa ya zuba a ƙasa. Ya ce rigar ba ta yi yoyo ba, wannan ruwan naka ne. Tun daga ranar ban sake kai auduga ƙarƙashin ruwa ba.

Kuskurena na farko shi ne gwada sanyin iska da na ruwa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Jikin ɗan Adam yana kan digiri 37, in ya sauka ƙasa da 35 likita zai ce an shiga haɗari, amma tun kafin nan hannu da tunani sun fara tafiya. A kogo kuwa hannu da tunani su ne jarinka. Zare ɗaya ne ke nuna maka hanyar gida, kuma a kanka dutse ne. Kuskure na biyu ita ce audugar. Tana shan ruwa ta riƙe, ta lafe a fata, ta kori iskar da ya kamata ta tsaya tsakaninka da sanyi.

Don haka abin da zai taɓa fata ya zama siririn ulu, irin na tumakin merino, ko yadin roba na foliyesta da ke tura gumi waje. Ni na fi son ulu. Ko ya jiƙe ba ya yin sanyin nan mai kama jiki, kuma ka yi kwana uku kana sawa abokin ɗaki ba zai gudu ba. Na roba ya fi saurin bushewa, ya fi araha, amma wari gare shi.

A kan wannan ne ake ɗora 'yar cikin gaske, kuma a nan mutane suka fi ɓata kuɗinsu, domin suna zaɓe da ido. Suna ganin riga ta kumbura kamar burodi sai su ce wannan ta fi ɗumi. A shago haka ne. Amma a kowane mita 10 na zurfi, ruwa yana ƙara maka nauyin da ya kai na duk iskar duniya da ke kanka a tudu. Iskar da ke cikin rigarka a mita 10 ta koma rabi, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kana danna maɓalli a ƙirji ka ƙara iska daga silinda, amma ba a cika ta da yawa, sai abin da zai hana rigar tsunkule ka. Sannan a kogo rubda ciki ake tafiya, ƙafa a ɗage, don kada ka tayar da laka ka makantar da na bayanka. Iska kuwa sama take gudu. Sai ta taru a gadon bayanka, ruwa ya danne ƙirji da ciki. Shi ya sa farantin ƙarfen nan a ƙirji na ji shi. Rigar gashin tsuntsu, wadda ta fi kowace ɗumi a kan babur, a nan fallen takarda take komawa, in kuma ta jiƙe sai ta zama dunƙulen tsumma.

Abin nema shi ne yadin da ba ya lotsewa. Akwai wanda ake kira Thinsulate, da kamfanin 3M ya fito da shi a 1979, zarensa siriri ne ƙwarai kuma ba ya son ruwa. Ana auna shi da giram a kowane murabba'in mita, masu nutso sun fi sanin mai 200 da mai 400. Akwai kuma filis mai nauyi, yadin roba mai laushi kamar bargo, wanda ya fi miƙewa da bin jiki, ya fi sauƙin wanki. A maɓuɓɓugan Fulorida, inda ruwa ke digiri 22 duk shekara, filis ko mai 200 ya ishe ni awa biyu. A Ressel ban sake shiga ba sai da mai 400, da ƙarin 'yar shara marar hannu a ƙirji. Wani zai fi ni jure sanyi, ni siriri ne. Gwajin da nake koya wa ɗan ƙanwata ba ya buƙatar na'ura: shimfiɗa rigar a kan siminti da safe, ka durƙusa a kai minti biyu. In gwiwarka ta ji sanyin ƙasa, ƙirjinka ma zai ji na ruwa.

Tambaya ta biyu da zai yi wa kowace riga: in ta jiƙe fa? Domin wata rana za ta jiƙe. Robar wuya takan yage, zif yakan bari, dutse mai kaifi yakan huda gwiwa. A buɗaɗɗen ruwa sai ka hau sama ka yi dariya. A kogo kana iya kasancewa tafiyar awa guda daga ƙofa, ga kuma zango yana jiranka. Nutson da ka tsara daban, wanda Allah Ya ƙaddara daban, kuma don na biyun ake sa kaya. A watan Fabrairun 2014 wasu 'yan ƙasar Finland su biyar suka shiga kogon Plura a arewacin Norway, ruwan da bai wuce digiri 4 ba, da shirin yin kimanin awa 5. Biyu suka rasu a can ƙasa. Cikin waɗanda suka tsira, ɗaya ya yi fiye da awa 8 a ruwa, wani fiye da 11, lokaci mai tsawo a rataye suna jiran zango ya cika. Da kayan awa 5 cif suka sa, da lissafin ya canja. Ko a Tailan mai zafi, lokacin da aka fito da yaran nan 12 da kocinsu daga kogo a 2018, sanyin jiki yana cikin abubuwan da likitoci suka fi fargaba.

To amma kauri ma yana da farashi. Duk iskar da 'yar ciki ta riƙe tana ɗaga ka sama, sai ka biya da darmar da ake ɗaurawa don ta danne ka ƙasa. Ni daga mai 200 zuwa mai 400 kilo uku na ƙara. Kuma in ka cusa riga mai kauri a cikin busasshiyar da aka yanka daidai jiki, ka matse ta tun kana tudu, ka yi asara biyu: ba ɗumi, ba motsi. Tare ake gwada su. Ka sa duka, ka tsuguna, ka yi ruku'u, ka kai hannu bayan ƙeya kamar mai susa. A can bawul ɗin silindarka suke, kuma ranar da ɗaya ya fashe yana zubar da iska, in hannunka bai kai ba, ɗumin bai amfane ka da komai ba. Haka safa. Na ga wanda ya jera safa uku a takalmi ɗaya, jini ya kasa zagayawa, ya fi mu duka kukan ƙafa.

Akwai wani ƙaramin abu da mai shago ba zai gaya maka ba. A dantsen hagu na busasshiya akwai bawul da ke fitar da iska in kana hawa. Wata 'yar cikin tana da fuska mai santsi kamar leda, sai ta lafe a bakin bawul ɗin ta toshe shi. Wata kuma zare take zubarwa ya taru a ciki. In iska ta ƙi fita, faɗaɗa take yi, ta ɗauke ka ta maka da rufin kogo, wani lokaci ƙafa a sama. Ka duba ko an yi 'yan huji ko raga a wannan wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya: a ruwa marar zurfi ake gano wannan.

A gafarce ni, sai na taɓa maganar fitsari. Shiga ruwa da sanyi suna sa ƙoda aiki, kuma ba wanda zai riƙe awa uku. Sababbin shiga sukan ƙi shan ruwa tun safe, alhali ƙishirwa tana cikin abubuwan da ake ganin suna taimaka wa ciwon kumfar jini. Ana sa wani ɗan bututu da ke fita ta cinya, don haka 'yar ciki sai ta kasance da ƙofar da zai bi ba tare da ya lanƙwashe ba. Ga Musulmi ina ƙara shawara ɗaya: ka ware kayan sallarka a jaka daban, ka huta da waswasi.

Masu zuwa zurfi sosai suna gauraya iskar shaƙa da wata iska marar nauyi da ake kira hiliyam. Ba a hura riga da wannan, domin hiliyam yana kwashe zafi kusan ninki shida fiye da iska. Sai su rataya 'yar ƙaramar silinda daban, wasu da iska, wasu da wata iskar da ake kira agon. Na yi amfani da agon, ban ji bambancin da ya kai kuɗinsa ba, da na ƙara a kan 'yar ciki mai kyau da ya fi. Yanzu kuma an yi rigar da ke ɗumi da batir. Batirin a waje ake rataya shi, ba a cikin riga ba, don in ya yi zafi ka iya cire shi. Kuma akwai lokacin kunnawa. Wani rahoton sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka na 2007 ya nuna cewa wanda ya ji ɗumi a can ƙasa sannan ya ji sanyi a zango ya fi kamuwa da ciwon kumfa nesa ba kusa ba, a kan wanda ya yi akasin haka. Dalili a fili yake: jiki mai ɗumi ya fi shan naitirojin, iskar da ke yin kumfa a jini, jiki mai sanyi ya fi jinkirin fitar da shi. Ke nan wanda ya kunna tun daga ƙofa, batir ya mutu masa a zango, ya haɗa wa kansa mafi munin biyun. Batir ƙari ne. Ka sa kayan da za su fitar da kai ko da ya mutu.

Edita, za ka ce me ya haɗa duk wannan da Jos, mu da ba mu da kogon ruwa irin na Faransa. Muna da dam-dam ɗin kuza birjik, daga Rayfield zuwa Barikin Ladi. Na shiga biyu daga cikinsu neman gawa. Saman ruwan ɗumi ne, shi ke yaudarar yara. Ka wuce mita bakwai ko takwas sai ka ji kamar ka tura ƙafa a randa, a ɗaya daga cikinsu agogona digiri 19 ya nuna, kuma ba ka ganin tafin hannunka. Samarin da ke wannan aiki, Allah Ya saka musu, da gajeren wando suke shiga, su fito iskar hunturu ta kaɗa su a jiƙe, su sake komawa. Zuwa shiga ta biyar ba ƙarfin halinsu ne ya ƙare ba, zafin jikinsu ne. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba: Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma jadawalin zangon da aka rubuta don bakin teku ba ya aiki a nan sai an gyara shi. Amma ramukan loto, wato rijiyoyin masu haƙar kuza, da ruwa ya cika, ina roƙon kowa da girman Allah kada ya shiga, ko da wace riga. Kogon dutse ya yi dubban shekaru a tsaye. Loto ƙasa ce da aka haƙa bara.

In za a yi sayayyar da mai karatunku ya nema, ga ra'ayina. Don shiga ta minti 20, jiƙaƙƙiyar riga mai kaurin milimita 5 da hular roba sun isa, sun fi araha, ba sa kuma buƙatar dogon horo. Busasshiya ta dogon bincike ce da ruwa mai ƙazanta, kuma wanda ba a koya masa ba kada a miƙa masa ita. In kuɗin guda goma ne, a sayi shida, sauran a yi horo da 'yar ciki bibbiyu ga kowa, domin wadda aka yi gumi a cikinta da safe ba ta da amfani da la'asar.

Na ƙasan ma ba sai an yi odarsa daga waje ba. Duk dilar kayan sanyi da aka fasa a Katako akwai ulu da filis a ciki, masu gwanjo ba su ma san darajarsu ba. Ka karanta takardar wuya. In ta goge, zare ɗan zare ɗaya ka kyasta masa ashana: auduga ƙaurin takarda take yi ta bar toka, ulu ƙaurin babbakar kan rago, foliyesta kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ka guji mai hula, mai maɓallan ƙarfe, da mai kaurin ɗinki, domin ruwa zai buga maka hatiminsu a fata. Wajen wanki, sabulu kaɗan, ɗauraya da yawa, ban da ruwan ƙamshin nan mai laushin kaya, ban da guga. A shanya a inuwa, a rataye, kada a danne ta a ƙasan akwati.

Tsohuwar mai 400 ɗina tana nan a rataye a bayan shago, gwiwar hagu da faci, tare da agogon da ke auna sanyin ruwa. Duk ƙungiyar masu ceto da ke so, a nemi adireshina wajen Edita, in zo da su ranar Asabar mu ɗaura agogon a igiya mu zura shi a dam, kowa ya karanta lambar da idonsa.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Tsohon mai nutso,
Gangare, Jos.